Motar Da Ta Dawo Daga Mubi Babu Kaya

A shekarun da rikicin masu tayar da ƙayar baya ya yi tsanani a jiharmu, ni mace ce mai babban shago a kasuwar Jimeta, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ina ji da kaina. A cikin garin Yola aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kullum da hantsi nake hawa keke mai ƙafa uku in tafi kasuwa. Sarin kayan masarufi nake yi: sukari, madara, taliya, ganyen shayi, sabulun wanka da na wanki. Shagon na mahaifina ne. Da ya rasu babu ɗa namiji da ya kama harkar, sai ni na zauna a kujerarsa, na kuma gaji abokan cinikinsa, masu kantuna daga Gombi da Hong da Mubi har Michika. Maigidana yana da babbar mota mai bodin katako, shi ke tuƙa abarsa. Mace mai shago, mijinta mai mota, to me ya rage? Haka nake gani a lokacin. Na rubuto ne, Edita, domin abin da ya same ni ya daɗe yana cina, kuma har yau in na tuna wani ɓangarensa sai tsigar jikina ta tashi.

Shagon da ke kallon nawa na wata mata ce da duk layin ke kira Madam. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma ita a Jimeta aka haife ta, gidanta na Demsawo. Kirista ce mai riƙo da addininta, tana kuma jin Fulatanci fiye da wasu 'ya'yan dangina. Adda take ce mini, wato yaya, ko da yake tazarar shekarunmu ba ta da yawa. Shagonta bai kai rabin nawa ba. Abin da ya bambanta ta da mu shi ne kwamfutar da ke kan teburinta, wadda muke yi mata tsiya a kai muna cewa ta mayar da kasuwa ofis. Na san ita da wasu 'yan kasuwa sun haɗa hannu sun kama sito a wajen Ngurore, suna kuma haɗa kayansu a mota ɗaya daga kudu. Ta sha yi mini tayin in shigo cikinsu. Kullum nakan ce zan yi shawara, alhali a raina ba na son kowa ya san yawan abin da nake da shi, kuma ina ganin mahaifina ya yi kasuwa har ya bar duniya bai haɗa sito da kowa ba.

Da hanya ta fara zama abin tsoro, masu kantunan arewacin jihar suka rage zuwa da kansu, sai dai su bugo waya a kai musu. Kayana kaɗai ba sa cika motar, saboda haka muka shirya da Madam, rabi nawa rabi nata. Sai ta kawo sharaɗi, wai a saka wa motar tiraka, wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai nuna inda mota take. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Na ɗauka mijina take zargi, kamar zai karkatar da kayanta wani wuri. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta a daƙile. Shi kuwa da na kai masa ƙorafi dariya ya yi, ya ce mutumin da ba ya bi ta inda bai kamata ba, me zai dame shi don an san inda yake. Haka aka kira mai gyara ya ɓoye ta a ƙarƙashin sitiyari.

Tafiyar da ta zame mini jarrabawa, kusan duk ƙarfina na zuba a cikinta. Mutanen Mubi suna ta neman kaya saboda kowa na son ya tara, farashi ya yi kyau, sai na kwashe shagon har da abin da ke kan kanta na loda. Maigidana ya tashi da safe, ya bugo mini da la'asar cewa ya isa lafiya, washegari za a sauke. Washegarin ne masu tayar da ƙayar baya suka shiga garin. Ina zaune a shago na ga kasuwa ta hargitse, wayoyi na ta ƙara, wani ya bar awo a kan sikeli ya fita da gudu, wata mai sayar da atamfa da 'ya'yanta ke makaranta a can ta faɗi tana birgima. Na kira lambarsa, a kashe. Na yi ta kira, ba ta shiga.

Sai na ji Madam tana ƙwala mini kira da irin Hausarta ta Jimeta da ba ta raba mace da namiji: "Adda, zo ka gani! Motarka yana tafiya!" Na tsallaka ko takalmi ban sa ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ga Mubi a shimfiɗe kamar mutum yana kallonta daga sama, ga tituna, ga rafi, ga kuma wani ɗan ɗigo kore yana rarrafe a hankali. Ta ɗora yatsa a kansa ta ce wannan ita ce motar. Ni da nake tsakiyar kasuwar Jimeta, garuruwa da duwatsu a tsakanina da shi, wayarsa a kashe, amma ga shi ina kallon motsinsa. Na durƙusa a gaban teburin ina ta salati, ban san hawaye na zuba ba. Sai dai ɗigon bai hau kwaltar da ke dawowa Yola ba, ya karkata ya nufi wajen Maiha. Muna kallo ya fita gari, ya ɗan yi nisa, sannan ya tsaya cak. Madam ta ce ba lallai motar ce ta tsaya ba, sabis ne ya ɗauke, ita kuwa na'urar da layin waya take aiko da labari.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fata ko maƙiyina ya gan su. Gidanmu a Yola ya cika da baƙi, dangi da dangin dangi, har zaure da madafa. Surukata, wadda muke kira Dada, ta daina cin abinci. In na dawo sai ta dube ni kawai. Kullum ina zuwa kasuwa, ba don ciniki ba, don ba ni da abin sayarwa, sai don kujerar da Madam ta ajiye mini kusa da teburinta. Mutane na ta shigowa gari ta gadar Jimeta, wasu a ƙafa, ƙafafu a kumbure. Wani ya ce ya ga an ƙona motoci a mararraba, wani ya ce ana kama direbobi a tilasta musu jigila. Kowace magana na ji sai ta zauna mini a ƙirji.

Wata rana da hantsi ɗigon ya farfaɗo. Ashe duk lokacin da babu sabis na'urar tana adana inda aka bi, da ta samu kafa sai ta turo duka lokaci guda, ya fito kamar siririn zare a kan taswirar. Motar tana tsakiyar daji, ba kwalta, ba sunan gari. Abokan haɗin gwiwar Madam suka taru a shagon, yawancinsu suka ce an ƙwace ta, babu direban da zai shiga nan da son ransa. A nan na fara jin cewa na'urar tana iya kashe injin daga nesa, saƙo ɗaya za a tura ta waya mota ta mutu a inda take. Wani dattijo a cikinsu, da kyakkyawar niyya, ya ce a kashe kafin a shige da ita inda ba za a sake ganinta ba, in ya so a sanar da jami'an tsaro wurin da take. Madam ta rubuta saƙon, ta riƙe wayar ba ta tura ba. Ta dube ni ta ce, "Adda, mijinka ne, motarka ne. Abin da ka ce shi zan yi."

Na ƙura wa zaren nan ido. Can sai na lura a wani wuri ya yi kauri kamar an ninka shi. Na tambaya, ta ƙara girman taswirar. Motar ta je gaba ta dawo baya, ta sake yin gaba ta sake dawowa, a kan hanya ɗaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mazan suka ce ƙila hanya ce ta ɓace musu. Ni kuwa na ce wanda ya ƙwaci mota yana gudu ba ya komawa inda ya baro, mai komawa baya akwai abin da ya bari wanda zuciyarsa ta kasa tafiya ta bar shi. Ba zan ce na tabbata ba. Duk da haka na ce kar a kashe. Dattijon ya girgiza kai ya ce Allah ya sa mu dace. Madam ta goge saƙon.

Daga nan ɗigon ya yi ta gangarowa kudu a hankali, har washegari ya hau kwalta a kusa da Song. Madam ta rufe shago, muka hau keke muka tsallaka gada, muka tsaya kusa da shingen sojoji. Bayan azahar muka hango ta. Ban gane ta ba da farko, don ba a ganin bodin. Mutane ne a cikinta, a gefenta, a kan rufin direba, tsofaffi da mata masu goyo da yara, Musulmi da Kirista a cakuɗe, duk sun yi fari fat da ƙura. Kwali ko ɗaya babu. Sai ga maigidana ya sauko, ya rame, idanunsa sun faɗa, ya tsaya yana dafe da ƙofa. Na nufe shi ina ta hamdala.

Daga baya ya ba mu labari. Da harbi ya tashi ya bi ayarin masu gudu, wayarsa ta faɗi a cikin turmutsitsi. A wani ƙauye ya ga mutanen da suka gaji da tafiya suna zube a gindin itatuwa, sai ya buɗe bayan mota aka sauke kayan duka, masu jin yunwa suka ci abin da za su iya ci, ya ɗebi mutane. Sun fi ƙarfin motar, ga kuma wani mayo, wato rafi, mai yashi da ba ta iya haurawa da nauyi, shi ya sa yake kai wasu gaba ya ajiye ya koma ya ɗauko saura. Man ma wani manomi ne ya tsiyaye masa daga tarakta. Da na lissafa, lokacin da muke taƙaddama a shagon Madam yana tsakiyar dajin nan da mata da jarirai a bayansa. Ya je har Demsawo don ya ba ta haƙurin kayanta, ta tare shi tun daga ƙofa ta ce, "Malam, kwali ne ka zubar, mutum ne ka kawo. Kar na sake jin wannan magana."

Na ɗauka jarrabawar ta ƙare ke nan, ashe ta biyun ce ke tafe, kuma ita ce ainihin dalilin rubutuna. Ni da Madam asara ɗaya muka yi, rabin mota rabin mota. Amma ita ko girgiza ba ta yi ba. Washegarin dawowarsa shagonta a cike yake, domin abin da ta aika Mubi ɗan ɓangare ne na abin da ke sito. Garin ya cika maƙil da waɗanda suka gudo, kowane gida tukunya ta ƙara girma, kuma mutanen da suka baro komai ba sa sayen katan, sai ƙullin sukari da 'yar ledar madara da sabulu guda. Tun a makon farko ta ga hakan a kwamfutarta, don duk abin da ya fita daga shagonta yana shiga ciki. Ta bugo wa ƙaninta da ke yi mata lodi a Onitsha ta ce ya canja kaya gaba ɗaya zuwa ƙananan ledoji. Motocin ƙungiyarsu kuma ba sa jiran juna, wata na hanya ana loda wata, kowacce suna ganin inda ta kai, sun san ranar da za su ce wa mai saye ya dawo.

Ni kuwa na tattara ɗan abin da ya rage, na sayar da 'yan kunnena, na yi odar kaya daga Kano irin wanda na saba saye, manyan katan na masu kantunan Mubi, waɗanda a lokacin su kansu suna kwance a tsakar gidajen mutane a Yola. Motar haya ce, ta yi ta maƙalewa a shingaye, direban in ya ga dama ya ɗauki waya in bai ga dama ba ya ƙi. Mai saye zai zo in ce masa gobe, goben ta zo in ce jibi. Ina kallo mutanen da suka yi ciniki da mahaifina za su gaishe ni cikin ladabi, su tambaya, in ce babu, su tsallaka layi su shiga wurin Madam. Ban ga laifinsu ba. Da kayan suka iso, ba su ake nema ba, suka zauna suna kallona ina kallonsu. Kafin shekara ta zagayo na mayar da makullin shagon mahaifina ga masu kasuwa. Ranar ban iya bi ta layin ba, ta baya na zagaya.

Na daɗe a gida ba na fita. Madam ce ta zo har Yola ta same ni, ta gaishe da Dada da Fulatanci, ta ce in sa mayafi in raka ta wani wuri. Sitonsu ta kai ni. Na yi shekaru ina jin labarinsa, ban taɓa taka shi ba. Da aka buɗe ƙofar na tsaya na kasa shiga. Kaya ne a jere har kusa da rufi, kowane iri da layinsa, wanda ya riga zuwa shi ke gaba don ya riga fita. Duk katan da za a fitar sai an haska masa wata 'yar fitila ta yi ƙara, nan take kwamfuta ta rage shi, ta kuma nuna na wane ne a cikinsu. A waje kekuna ne a layi, masu kantunan unguwa suna bugo waya daga Jimeta da Yola, ana haɗa musu a ɗora a kai har ƙofa. Ta nuna mini dalilin da ya sa suka zaɓi Ngurore: tana kan hanyar Numan da kayan kudu ke shigowa, babbar mota ta sauke a nan ba sai ta shiga cunkoson gari ba. Sai a ranar na gane cewa ɗan shagon da nake rainawa ƙofa ce kawai, ainihin kasuwarta tana nan. Na yi ta mamaki yadda muka yi shekaru muna kallon juna a layi ɗaya, ina tsammanin sana'a ɗaya muke yi.

Ta ce har yanzu da wuri a gare ni. Na shiga, amma a matsayin ƙarama, ba kamar yadda zan shiga da na amsa tun farko ba. Yanzu ɗan kanti nake da shi a unguwarmu a cikin Yola, na fasa bangon zaure na yi ƙofa. Ba na tara kaya. In abu ya kusa ƙarewa wayata ke nuna mini, in tura saƙo da safe, kafin azahar keke ya tsaya a ƙofa. 'Yata ce ta koya mini latse-latsen, na sha kunya kafin hannuna ya faɗa. Maigidana ya koma hanyar Mubi tun da aka samu sauƙi, yana ɗaukar kayan ƙungiyar, har yau a wasu garuruwan ba a barinsa ya biya kuɗin abinci. Madam ta miƙa wa 'ya'yanta yawancin harkar, sun buɗe manyan kantuna irin waɗanda mutum ke shiga da kwando ya zaɓa da kansa. Muna ziyartar juna, da Salla tana gidana, da Kirsimeti ina nata.

Abin da na koya, rikici bai zaɓi ni ya bar Madam ba, duka ya taɓa mu. Bambancin shi ne ita ta san inda kayanta suke, ta san abin da mutane ke saye yau ba abin da suka saya bara ba, tana da hanya fiye da ɗaya da abokai fiye da ɗaya. Ni kuwa shago ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, sai suna. Arziki na Allah ne, ban musa ba, amma shi ya ba mutum hikimar da ya ƙera waɗannan abubuwa, kuma na ga da idona yadda suka tsare rai suka tsare dukiya.

Ina kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman mu da muka gaji shago muke ganin mun iya. Kada ku zuba duk ƙarfinku a tafiya ɗaya komai kyan farashi. In kun ga maƙwabcinku yana wani abu da ba ku gane ba, ku tsallaka ku tambaye shi tun kuna da abin da za ku shiga da shi. Tambaya ba ta rage wa ɗan kasuwa daraja. Ni na ƙi yin ta lokacin da take kyauta, na zo na yi ta bayan ta ci mini shagon mahaifina.